Karkacewar babban yatsan ƙafa: Yaushe ya kamata a yi tiyata?

Akasarin masu wannan larura kan fara lura da ita ne a ranar da takalmin da suka saba sawa ya soma matsa musu ta gefe guda. Idan suka duba, sai su tarar wani ƙullutu ya taso a gindin babban yatsan ƙafa, shi kuma yatsan ya karkata yana neman hawa kan na kusa da shi.

Likitoci na kiran larurar da sunan Latin, hallux valgus, sunan da wani likitan fiɗa Bajamushe, Carl Hueter, ya raɗa mata a farkon shekarun 1870.

Ba ta kisa, kuma ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani. Amma takan hana mutum doguwar tafiya da tsayuwar aiki, tana ƙara wa tsofaffi haɗarin faɗuwa, ga mai ciwon sukari kuma tana iya zama mafarin gyambon da ba ya jin magani.

Wani nazari da masana a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostireliya suka wallafa a shekarar 2010, bayan sun tattara sakamakon bincike daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa kimanin kashi 23 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 18 da 65 na da ita. A tsakanin waɗanda suka haura 65 kuwa adadin ya kai kusan kashi 36. Ta fi yawa ga mata, inda ta shafi kashi 30 cikin ɗari, a maza kuma kashi 13.

A Nijeriya, wani binciken da aka wallafa a 2011 a kan ɗaliban sakandare da na jami'a a Legas ya samu larurar a ƙafafun kimanin kashi 15 cikin ɗari na matasan da aka duba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙafar

Mutane da yawa na ɗaukar ƙullutun a matsayin wani sabon ƙashi da ya tsiro, wanda idan aka kankare shi an huta. Hoton ƙashi na nuna wani abu dabam.

Ƙafar ɗan Adam na da ƙasusuwa 26. Biyar daga cikinsu dogaye ne, sun taso daga tsakiyar ƙafa, kowanne ya nufi gindin yatsa ɗaya. Na farkonsu, wanda ya fi sauran kauri, shi ne ke ɗauke da babban yatsa.

A wannan larura, ƙashin na farko ne ke gocewa sannu a hankali, ya buɗe ya nufi wajen ɗaya ƙafar, yayin da yatsan da ke kansa ke karkata ta ɗaya ɓangaren, wajen sauran yatsu. Ƙullutun da ake gani shi ne kan wancan ƙashi da ya bar mazauninsa ya turo fata.

Da zarar gocewar ta soma, jijiyoyin da ke miƙe yatsan da masu lanƙwasa shi ba sa bin tsakiyar gaɓar kamar da. Sai su koma ja ta gefe, tamkar yadda tsirkiya ke tanƙwara baka. Wannan ne ya sa larurar ba ta komawa da kanta, kuma a wajen mutane da yawa takan ƙaru da shekaru, ko da yake saurin ƙaruwar ya bambanta ƙwarai. Wani zai shekara ashirin ƙafarsa na nan yadda take, wata kuma cikin 'yan shekaru yatsan ya shige ƙarƙashin na biyu.

Zafin kan zo ta hanyoyi da dama. Akwai na gogar takalmi, wanda ke sa wurin ya yi ja ya kumbura. Akwai na cikin gaɓar kanta, idan gurunguntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya soma cinyewa. Sannan akwai wanda mutane ba su cika dangantawa da babban yatsa ba, wato zafi da kanta a tafin ƙafa, daidai ƙarƙashin yatsa na biyu da na uku. Dalili shi ne babban yatsa ne ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyin jiki a duk lokacin da mutum ya ɗaga dunduniya zai yi taku. Idan ya gaza, sai nauyin ya koma kan ƙananan yatsun da ba a yi su domin hakan ba.

Likitoci na auna girman larurar ne da hoton ƙashi da ake ɗauka mutum na tsaye, nauyinsa a kan ƙafar. Karkatar da ba ta kai digiri 15 ba ana ɗaukarta a matsayin daidai. Idan ta wuce digiri 40 ana lissafa ta cikin masu tsanani. Sai dai girman karkatar ba shi ke nuna yawan zafin ba. Akwai masu babban ƙullutu da ba ya damunsu, akwai kuma masu ƙarami da ba sa iya kai wa kasuwa da ƙafa.

Gado ne ko takalmi?

An daɗe ana wannan muhawara, kuma kowane ɓangare na da hujja.

A 1958 wasu likitoci biyu a Hong Kong, Sim-Fook da Hodgson, sun kwatanta ƙafafun Sinawa masu sa takalmi da na waɗanda ba sa sawa. Sun samu larurar a kashi 33 cikin ɗari na masu takalmi, a marasa takalmi kuwa ba ta kai kashi 2 ba. A Japan ma likitoci sun ba da rahoton cewa ba a cika ganinta ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da takalman Turai rufaffu suka maye gurbin na gargajiya.

Hujja mafi ban mamaki ta fito ne daga maƙabartu. A 2021 masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun wallafa sakamakon duba ƙasusuwan mutum 177 da aka binne a garin da kewayensa ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Daga cikin waɗanda suka rayu tsakanin ƙarni na 11 da na 13, kashi 6 cikin ɗari ne kawai ke da alamar larurar. A ƙarni na 14 da na 15 adadin ya tashi zuwa kashi 27. Wannan ya zo daidai da lokacin da aka yi yayin wani takalmi mai dogon tsini a Turai, yayin da ya yi ƙamari har Sarki Edward na Huɗu ya kafa doka a 1463 ta taƙaita tsawon tsinin zuwa inci biyu.

A maƙabartar ƙauye, inda talakawa manoma suke, kashi 3 ne kacal. A maƙabartar wani gidan limaman Kirista da ke cikin gari, inda aka binne limamai da attajirai, kashi 43 ne. Wato dai masu halin sayen takalmin yayi su ne suka fi jin jiki.

To amma ba duk mai sa matsattsen takalmi ke samun larurar ba, kuma ana samunta a ƙafar da ba ta taɓa shiga takalmi sau-ciki ba. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan marasa lafiya 350 a ƙasar Sifen ya gano cewa kashi 90 cikin ɗari nasu na da aƙalla ɗan'uwa guda mai irinta. Abin da ake gada shi ne ƙirar ƙafar: sakin jijiyoyin da ke riƙe gaɓa, da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, da siffar kan ƙashin.

Matsayar da galibin ƙwararru suka tsaya a kai ita ce gado ne ke shirya ƙafar, takalmi mai tsini ko mai dogon dunduniya kuma ya gaggauta abin, ya ƙara masa zafi. Amosanin gaɓɓai da cututtukan da ke raunana tsoka, irin su shan inna, su ma kan haddasa ta.

Kada a ɗauke ta da wata cutar

Ba kowane ciwo a gindin babban yatsa ne wannan larura ba. Akwai cutar da likitoci ke kira gawut, wadda ke tasowa idan wani gishiri ya taru a cikin gaɓa. Ita takan afko ne farat ɗaya, sau da yawa cikin dare, wurin ya yi ja ya ɗau zafi har mutum ba ya son ko mayafi ya taɓa shi, sannan ta lafa bayan kwanaki. Maganinta na sha ne, ba ta buƙatar wuƙa.

Akwai kuma sandarewar gaɓar, inda yatsan ke miƙe amma ba ya lanƙwasuwa, ƙullutun kuma a sama yake ba a gefe ba.

Haka nan larurar ba targaɗe ba ce, ba kuma irin gocewar da ake samu a haɗari ba. Saboda haka ja da murza da ɗaurin maɗori ba sa mayar da ƙashin, tsaga ko ƙona wurin kuwa na iya buɗe ƙofar da ƙwayoyin cuta za su shiga gaɓar.

Zama da larurar

Ga mafi yawan mutane, magani na farawa ne daga takalmi, kuma sau da yawa a nan yake ƙarewa.

A wani bincike da aka yi a Amurka a farkon shekarun 1990 a kan mata 356, an tarar kashi 88 cikin ɗari na sa takalmin da ya fi ƙafarsu ƙanƙanta. Hanya mai sauƙi ta gane haka ita ce mutum ya tsaya a kan takarda a zana ƙafarsa, sannan a ɗora takalmin a kan zanen. Idan zanen ya leƙo ta gefe, takalmin ya yi kaɗan.

Abin da ake so shi ne takalmi mai faɗin gaba, mai laushin fata, marar ɗinki a daidai wurin ƙullutun, kuma mai gajeren dunduniya. An fi son a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma a tsaye. A nan mazauna ƙasashe masu zafi sun yi sa'a, domin takalmin fade da sauran buɗaɗɗun takalma ba sa matsa yatsu, muddin maɗaurin bai bi ta kan ƙullutun ba. Wahalar ta fi yawa ga waɗanda aiki ya tilasta wa rufaffen takalmi, kamar sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan banki. Baduku ko mai gyaran takalmi na iya buɗa fatar a daidai wurin, ko ya ɗinka sabo bisa awon ƙafar.

Ana sayar da 'yan matasai masu laushi da ake liƙawa a kan ƙullutun, da robar da ake sawa tsakanin yatsu, da shimfiɗar cikin takalmi mai tallafe tafin ƙafa. Waɗannan kan rage zafi ga mutane da dama. Ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na 'yan mintoci bayan doguwar tsayuwa na rage kumburi. Rage ƙiba na rage nauyin da ke kan gaɓar, motsa yatsun da ƙarfafa tsokar tafin ƙafa kuma na taimakawa wajen hana ta sandarewa.

Game da magungunan kashe zafi, farasitamol ya isa a lokuta da yawa. Ibufurofen da danginsa sun fi tasiri a kan kumburi, amma shan su kullum na da haɗari ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko hawan jini, da kuma mai juna biyu.

Wani abin da ya kamata a sani tun kafin a kashe kuɗi shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke miƙar da ƙashin. Ana tallar wasu maɗaurai da ake kwana da su, musamman a intanet, da alƙawarin za su gyara yatsan ba tare da tiyata ba. Sukan miƙe shi muddin suna ɗaure, wasu kuma kan ji sauƙin zafi da su, amma idan aka kwance yatsan na komawa inda yake.

Batun tiyata

Tiyata ce kaɗai ke mayar da ƙashin mazauninsa. Duk da haka hukumar lafiya ta Birtaniya da ƙungiyoyin likitocin ƙashi na Amurka sun yi ittifaƙi cewa ba a yin ta domin ƙafa ta yi kyan gani, ba a kuma yin ta domin tsoron abin da zai faru nan gaba. Ma'aunin shi ne zafin da ke hana mutum harkokinsa na yau da kullum bayan an gwada sauya takalmi da sauran dabaru na tsawon watanni, ko yatsa na biyu ya soma lalacewa, ko fatar wurin na yawan fashewa.

An bayyana hanyoyin yin wannan aiki fiye da 100 a littattafan likitanci, abin da shi kansa ke nuna cewa babu guda da ta dace da kowace ƙafa.

Kankare ƙullutun kawai, kamar yadda aka riƙa yi a da, ba ya ɗorewa, tunda ƙashin na nan a goce. A yau, idan karkatar ba ta yi tsanani ba, likita kan yanka ƙashin kusa da kansa, ya tura shi ya koma layi, sannan ya kafe shi da ƙananan ƙusoshin ƙarfe har ya haɗe. Idan ta fi haka, akan yi yankan a tsawon ƙashin. Idan kuma gaɓar da ke can tushen ƙashin ce ta yi sako-sako, akan haɗe ta gaba ɗaya, hanyar da wani likita a birnin New York, Paul Lapidus, ya bayyana a 1934. Ga wanda gaɓar yatsan ta riga ta cinye, akan manne ƙasusuwan biyu su zama ɗaya. Zafin na tafiya, amma yatsan ba zai sake lanƙwasuwa a wannan gaɓa ba.

A 'yan shekarun nan an samu yaɗuwar aikin da ake yi ta ƙananan huji maimakon doguwar tsaga. Tabonsa kaɗan ne, sai dai ƙashin da aka yanka na buƙatar lokacinsa na haɗewa ko ta wace ƙofa aka shiga.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi wajen kwatanta zaɓin da mara lafiya ke da shi an yi shi ne a ƙasar Finland, aka wallafa a 2001. An raba mutum 209 masu larurar, waɗanda tasu ba ta kai mai tsanani ba, gida uku. An yi wa kashi na farko tiyata, an ba na biyu shimfiɗar cikin takalmi, na uku kuma aka ce su jira. Bayan shekara guda, kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata sun ce sun samu sauƙi. A masu shimfiɗa kashi 46 ne, a masu jira kuma kashi 24.

Wannan ya nuna tiyatar na aiki. Amma masu binciken sun ci gaba da bibiyar mutanen, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka jira an yi musu aikin daga baya. Da aka cika shekara biyu, sakamakon ɓangarorin ya zo kusan ɗaya. Jinkirin shekara guda bai jawo musu asara ba. Saboda haka wanda aka ce masa lallai ne a yi aikin cikin gaggawa yana da dalilin neman ra'ayin wani likitan.

Akwai kuma ɗaya gefen. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara rahotanni fiye da 200, ya samu cewa kusan mutum ɗaya cikin goma bai gamsu da sakamakon aikin ba, kuma karkatar ta dawo a kimanin kashi 5 cikin ɗari. Wani nazarin na 2021 ya kai adadin dawowar kusan kashi 25. Bambancin ya samo asali ne daga yadda kowane bincike ya fassara dawowa da kuma tsawon lokacin da ya bibiyi marasa lafiyar. Sauran matsalolin da kan biyo baya sun haɗa da sandarewar gaɓa, da mutuwar fata a gefen yatsa, da shigar ƙwayoyin cuta, da komawar zafin ƙarƙashin sauran yatsu. Wani lokaci ma gyaran kan wuce kima, yatsan ya karkata ta ɗaya ɓangaren.

Jinya bayan aiki

Aikin kansa ba ya cika wuce awa guda, kuma sau da yawa ana sallamar mutum a ranar. Jinyar ce mai tsawo, kuma ita ce mutane suka fi rainawa.

Makonni biyun farko ana son ƙafar ta kasance a ɗage mafi yawan lokaci. Ana sa wani takalmi na musamman kimanin makonni shida. Bisa shawarar hukumar lafiya ta Birtaniya, ba a tuƙa mota sai bayan makonni 6 zuwa 8, hutun aiki na iya kaiwa makonni 12 ga mai aikin tsayuwa, wasanni kuma har watanni shida. Kumburi kan ɗauki watanni kafin ya sauka gaba ɗaya, wani lokaci har shekara.

Ga ma'aikacin ofis wannan hutu ne da za a iya nema. Ga ɗan kasuwa ko manomi ko matar da ke ɗauke da hidimar gida ita kaɗai, watanni biyu zuwa uku ba tare da cikakken taku ba lissafi ne da ya kamata a yi tun kafin a sa rana, tare da kuɗin aikin da na hotuna da na komawa asibiti. Mai niyyar aikin Hajji ko Umra shi ma sai ya duba lokaci, tunda sa'ayi kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina.

Akwai kuma batun sallah. A sujada da zaman tahiya ana kafa yatsun ƙafa a ƙasa a lanƙwashe, kuma gaɓar da ake yi wa aikin ita ce ke ɗaukar wannan lanƙwasa. Yawancin hanyoyin tiyatar na barin gaɓar tana motsi, ko da ya ragu, amma hanyar manne ta na kawar da shi har abada. Ya dace mara lafiya ya tambayi likita wace hanya zai bi, da abin da za ta yi wa durƙuso da tsuguno. A lokacin jinya kuwa, sananne ne a fiƙihu cewa mara lafiya na da rangwamen yin sallah a zaune da shafa a kan bandeji.

Ko bayan an warke, likitoci na gargaɗin cewa ba kowa ke iya komawa ga kowane irin takalmi ba, kuma komawa ga mai tsini na ƙara yiwuwar dawowar karkatar.

Waɗanda lamarinsu ya bambanta

Mai ciwon sukari na cikin hali na musamman. Cutar kan kashe jijiyoyin ji a ƙafa, ta yadda takalmi zai goge ƙullutun har ya yi rauni mutum bai sani ba. Ana shawartar irin waɗannan su duba ƙafafunsu kullum, kada su yanke kanta da reza, kuma su garzaya asibiti da zarar fata ta fashe ko ta sauya launi. Tiyata a wajensu ta fi haɗari, musamman idan sukarin bai daidaita ba ko jini ba ya isa ƙafar sosai. Shan taba ma na jinkirta haɗewar ƙashi da warkewar rauni, shi ya sa likitoci da yawa ke neman a daina kafin su yi aikin.

A yara da matasa, galibi 'yan mata, larurar ta fi alaƙa da gado. Akan jinkirta tiyata har ƙashi ya gama girma, domin idan aka yi da wuri ta fi saurin dawowa.

A Nijeriya, likitocin ƙashi ne ke duba wannan larura, a asibitocin ƙashi na ƙasa irin na Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Enugu, da kuma sassan ƙashi na asibitocin koyarwa. Mai zuwa ganin likita zai taimaki kansa idan ya tafi da takalman da ya fi sawa, domin yadda suka cinye da inda suka buɗe na nuna wa likita yadda nauyi ke sauka a kan ƙafar.